Ƙwayar da Ba a San Cikinta Ba

Ya ku ƴan'uwa Musulmi na Affala da kewaye, ku sani tramol da likita ke bayarwa galibi miligiram 50 ne ko 100. Na kasuwa kuwa har 225 ake rubuta masa, kuma mai sayarwa kansa bai san abin da aka cusa ciki ba. A shekarar 2025 hukumomin Indiya suka hana sarrafa wata ƙwaya irin wannan, haɗin magunguna biyu mai iya tsayar da numfashi, bayan ta watsu a Afirka ta Yamma. Wasu samarinmu na haɗiyar ƙwaya bayan buɗa-baki don neman ƙarfin aiki, sai farfaɗiya ta kayar da su. Jiki amana ne, za a tambaye mu a kansa. Wanda ya kamu, kada mu kore shi, mu kai shi asibiti a Tahoua. Allah Ya tsare mana zuriya.