Kowane Gari da Ranarsa: Yadda Ake Ziyartar Ƙauyukan da Ke Kewaye da Zariya

Akwai ɗalibai da yawa a makarantar nan da za su gama difloma su tafi, amma Zariyar da suka sani ba ta wuce layi ɗaya ba: daga PZ zuwa Kwangila, daga Kwangila zuwa Samaru, sai kasuwar Sabon Gari in za a sayi takalmi ko cajar waya. In ka ce a je Giwa ko Maƙarfi, sai ka ji, "Me ake yi a can?" Tambayar ba laifi ba ce. In ka je ƙaramin gari a ranar da ba tasa ba, ba abin da za ka tarar sai rumfuna wayam da awaki a kwance. Ƙauye ba kamar birni yake ba da kullum yake a buɗe. Yana da ranar kasuwarsa a mako, yana da lokacin shagalinsa a shekara, kuma sai wanda ya san waɗannan biyun ne zai ga gari.

Mu fara da kasuwa, tunda ita ce mafi sauƙin samu. Giwa, wadda ke kan hanyar Funtuwa gaba da Shika, tana ci ran Alhamis da Lahadi. Maƙarfi tana ci ran Laraba, Anchau ta ƙaramar hukumar Kubau kuma ran Talata. Ba haka kawai ranakun suka bambanta ba. Kusan 'yan kasuwa ɗaya ne da motoci ɗaya suke zagaya su, don haka in garuruwa biyu na kusa suka haɗa rana, ɗaya zai kashe wa ɗaya ciniki. Mai sayen hatsi yana iya kwana Anchau, ya wayi gari Maƙarfi, jibi a gan shi Giwa. Kasuwar Sabon Gari da muka saba da ita ta kullum ce, domin garin da kansa ya taso ne bayan zuwan jirgin ƙasa a wajajen 1911, ya cika da ma'aikata da baƙi waɗanda ba noma suke yi ba. Masara da wake da barkonon da kake saye a tiya a Sabon Gari ko kasuwar Samaru, da yawansu daga irin waɗancan kasuwannin mako suka fito, kuma kowane hannu da suka bi sai da ya ɗora ribarsa.

In ka je, kada ka tsaya wajen 'yan gwanjo da masu rake kawai. Wuce wajen 'yan hatsi ka samu gefe ka tsaya minti talatin. Manomi zai kawo buhu biyu a bayan mashin. Ba shi zai yi ciniki da mai saye ba, dillali ne zai tsaya a tsakani, ya zura ƙarfe a buhun ya zaro samfur a ga ko masarar ta bushe, a yi tayi, a ce albarka, a ƙara, a sallama. Dillali ya karɓi la'adarsa, mai ɗinkin buhu ya karɓi nasa, ɗan dako ya karɓi nasa, mai mota ya karɓi nasa. Buhu ɗaya, ga mutum nawa sun ci abinci. 'Yan sashen kasuwanci da akanta, abin da malami ya shafe semesta yana zana muku a allo ke nan, ga shi a fili. Mai neman batun furojet kuma, wanda ya gaji da kwafar na 'yan bara, ya fara daga nan. Su kuwa masu girki a hostal, babban buhun masara yana ɗaukar kusan tiya 40. In mutum takwas suka haɗa kuɗi da kaka suka saya suka raba, ko da an cire kuɗin mota za su ga bambanci.

Wani abu da zai ba ka sha'awa: tambayi masu sayar da iri sunan abin da ke hannunsu. Za ka ji SAMMAZ a masara, SAMPEA a wake, SAMNUT a gyaɗa, SAMSORG a dawa. Wannan "SAM" ɗin Samaru ce. Tun 1922 ake binciken noma a nan, shekara 40 kafin a buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma cibiyar IAR da muke wucewa a Keke ba mu ko waiga ba ita ce take fitar da waɗannan irin.

Arewa da mu, wajen Hunƙuyi da Kudan da Maƙarfi, ƙasar rake ce. Da hunturu ake zuwa. A bakin fadama za ka ga inda ake mazarƙwaila: a matse rake a inji, a tafasa ruwan a babban kasko har ya yi kauri, a zuba a ƙananan kwanoni ya daskare. A da doki ne yake zagayawa yana juya injin. Ƙamshin kawai ya isa ya sa ka manta kana da tes ran Litinin.

Yanzu ga shagali, wanda ni a ganina ya fi komai cancantar a sani, domin shi ne yake ƙoƙarin ɓacewa. Kalankuwa wasa ne na samari da 'yan mata da ake yi bayan an kawar da amfanin gona, lokacin da rumbu ya cika kuma kowa yana da ɗan abin kashewa. Samarin gari su gayyato takwarorinsu na ƙauyukan maƙwabta, a kira makaɗa, a yi dambe da kokawa da rawa. Amma gishirin wasan shi ne kwaikwayon mulki. Na 'yan kwanaki samari sukan kafa tasu gwamnatin: a naɗa sarki da gwamna da alƙali da 'yan sanda da likita, kowa ya sa kaya irin na muƙaminsa. A kama mutum da laifin da bai taka kara ya karya ba, a kai shi gaban alƙalin wasa, a ci shi tara, jama'a suna dariya. Dariya ce, amma duba abin da ke ƙarƙashinta. Talakan da ba ya iya ɗaga ido gaban mai mulki, a ranar ya samu damar nuna yadda yake kallon mai mulkin, kuma ba wanda zai ce masa don me. Irin wannan ne ya ja malamai da ɗaliban wasan kwaikwayo na ABU, a ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon na 1980, suka riƙa barin aji suna zuwa Soba da Maska da Bomo suna shirya wasa tare da manoma a kan matsalolin manoman. Bomo kuwa ga ta nan bayan Samaru, kuɗin acaɓa ne kawai.

Kalankuwa ba ta da ranar da aka rubuta a kalanda, kuma ba kowane gari ne yake yinta yanzu ba. Wasu wuraren malamai sun hana saboda cakuɗuwar maza da mata da dare, wasu samarin ne suka watse birni neman kuɗi, wasu tsoro ne ya hana taro. Sai an tambaya. Abokin ajinka da yake zuwa daga ƙauye kullum, wanda wasu ke yi wa dariyar ƙurar ƙafa, shi ne zai gaya maka in garinsu za a yi dambe ko saukar Alƙur'ani ko naɗin sarauta. Hawan Sallah da Hawan Bariki da Hawan Daushe na birni kowa ya san su, ba sai na tsaya a kansu ba. Abin lura kawai, yawancin dawakai da 'yan tauri da makaɗan da ke bayan hakimai daga waɗannan garuruwan suke shigowa.

Wanda ya fi son tarihi da hawan dutse, Wusasa tana nan kusa, gindin dutsen Kufena. A gefen dutsen akwai sauran tsohuwar ganuwa, shaidar cewa an zauna a wurin kafin birnin Zazzau na yanzu ya kafu. A cikin garin akwai majami'ar St. Bartholomew da aka gina da ƙasa a 1929, gini irin na Hausa da bakan gizo da azara, daga zamanin 'yan mishan su Likita Mila, wanda ya yi aiki a fassarar Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932. A garin ne Janar Yakubu Gowon ya taso. 'Yan zanen gine-gine, ku je ku ga yadda ƙasa ta ɗauki rufi kusan shekara 100. Ku tuna Masallacin Juma'a na birni, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu na shekarun 1830, wani sashensa ya rufta a watan Agustan 2023 har aka rasa rayuka. Ginin ƙasa ba ya jiran mai cewa sai baɗi. Turunku, inda tarihi ya ce Bakwa Turunku ta mulki Zazzau kafin a dawo nan, tana can kudu a ƙaramar hukumar Igabi. Ita tafiyar sai an shirya mata yini guda.

Sai maganar da ba za a ɓoye ba: tsaro. Ƙauyuka da dama a ƙaramar hukumar Giwa sun sha hare-haren 'yan bindiga da satar mutane a 'yan shekarun nan. Garin da ke bakin kwalta ran kasuwa da rana tsaka daban, ƙauyen da ke cikin daji daban. Kafin ka fita, tambayi direbobin tasha yadda hanya take a makon, domin su labari yake fara iskewa. Ku tafi ku uku ko huɗu, da ɗan gari a cikinku, ku fita da safe, la'asar ta same ku a mota kuna dawowa. Wani a hostal ya san inda kuka nufa.

In kun isa, ku fara da gaisuwa. In abin ya wuce kasuwa, misali kuna son ganin tsohon gini ko yin tambayoyi don furojet, ku nemi mai unguwa, ku cire takalmi, ku ce "Ranka ya daɗe, mu ɗalibai ne daga Poli," ku faɗi abin da ya kawo ku. Sau da yawa zai haɗa ku da yaro ya zaga da ku. Kada ka ɗaga waya ka ɗauki matan aure ko 'yan talla ba izini, balle ka watsa a TikTok da rubutun raini. Ke kuma 'yar'uwa, ɗauki babban mayafi ko hijabi a jaka ko da ba shi kika saba sawa a makaranta ba. Ku riƙe tsabar kuɗi, canji ƙanana, domin sabis yakan ɗauke ran kasuwa, mai POS ya ce a jira, mai ƙosai kuma ba ta karɓar tiransifa.