Hayar Kayan Sadarwa a Gajimare: Bayani ga 'Yan Kasuwa da Masu Sana'a

A unguwar Kumbiya-Kumbiya, wadda take ɗaya daga cikin mazaɓu 11 na Ƙaramar Hukumar Gombe, da wuya mutum ya yi 'yar tafiya bai wuce wata sana'a da ta dogara ga kwamfuta ko wayar hannu ba. Ga kantin magani, ga makarantar kuɗi, ga shagon buga takardu, ga mai na'urar POS a ƙarƙashin laima. Haka abin yake a Jekadafari da Bolari da Pantami, haka kuma yake a sauran biranen ƙasar nan. Muddin sana'a tana hannun mutum ɗaya da kwamfuta ɗaya, babu wata wahala. Amma ran da ta bunƙasa, mai ita ya buɗe reshe a Babbar Kasuwa, ya buɗe wani a Kumo, ya ɗauki akawu da mai jiran sito, sai buƙata ta taso ta a haɗa kwamfutocin nan su riƙa magana da juna, domin abin da aka sayar a reshe ya bayyana nan take a littafin hedkwata.

Wannan haɗi shi ne ake kira hanyar sadarwa ta kamfani. A da, duk wanda yake son sa sai ya mallaki kayansa. Watau ya sayi babbar kwamfuta wadda za ta riƙe lissafin duka rassa, ya sayi na'urorin da ke rarraba saƙo da na tsare ƙofa daga ɓarayin intanet, ya keɓe musu ɗaki mai sanyi, sa'an nan ya ɗauki injiniya. Duk mai sana'ar da ya gwada wannan a Gombe ya san abokan gabarsa guda uku: zafin bazara, ƙurar hunturu, da ɗaukewar wuta. A watan Afrilu na 2024 'yan ɓarna suka kayar da turakun babban layin wuta da ya taso daga Jos zuwa Gombe, aka yi makonni ana fama da duhu a jihohin Arewa maso Gabas. Babbar kwamfuta ba ta san uzuri ba; in ba wuta, sai janareta ya kwana yana shan mai, ko kuwa aiki ya tsaya.

Saboda irin waɗannan wahaloli ne wata hanya ta biyu ta yaɗu, wadda a cikinta ɗan kasuwa ba ya sayen kayan, sai dai ya yi hayar aikinsu, yana biya wata-wata ko shekara-shekara.

Mene ne Gajimare?

Sunan yakan rikita mutane, har wasu su zaci a sararin samaniya ake ajiye bayanai. Ba haka ba ne. Asalinsa shi ne, injiniyoyi sun saba zana siffar gajimare a kan takarda a madadin duk wani sashe na sadarwa da yake nesa, wanda ba a hannunsu yake ba. Abin da ke bayan sunan kuwa gini ne na siminti da ƙarfe, cike da dubban kwamfutoci, da wuta wadda ba ta yankewa, da masu gadi dare da rana. Irin waɗannan gine-gine akwai su a Ikko da Abuja da Kano, akwai kuma manyansu a Afirka ta Kudu da Turai da Amurka. Kamfanin Amazon ne ya buɗe wannan kasuwa sosai a 2006, daga baya Google da Microsoft suka biyo.

Idan mai kantin magani a Kumbiya-Kumbiya ya shiga wannan tsari, littafin cinikinsa da lissafin kayansa suna zaune ne a ɗaya daga cikin waɗancan gine-gine. Abin da ya rage a shagonsa bai wuce kwamfutar kan tebur da wata 'yar na'ura mai haɗa shi da intanet ba. Ita ma 'yar na'urar sau da yawa daga nesa ake sarrafa ta: a can ake gyara ta, a can ake sabunta tsaronta, a can ake ganin ko ta mutu. In ya buɗe sabon reshe, sai a aiko da wata a cikin kwali, a jona, shi ke nan.

Mutanen Gombe ba baƙin irin wannan ciniki ba ne. Tun kaka da kakanni mutumin birni yakan sayi shanu ya ba makiyayi kiwo, domin makiyayi ya fi shi sanin makiyaya da mashaya da ciwon dabba. Amma wanda ya ba da kiwo bai ba da kyauta ba. Shanun nasa ne, asarar ma tasa ce, kuma mai hankali yakan san yawansu da alamunsu, ya riƙa leƙawa ruga lokaci-lokaci. Hayar gajimare tamkar haka take. Ɗawainiyar inji ce kaɗai ke barin hannun ɗan kasuwa. Alhakin bayanansa da na abokan cinikinsa yana nan a wuyansa.

Manyan kamfanoni ma sun bi wannan hanya. A 2014 kamfanin MTN ya ƙulla yarjejeniyar miƙa turakun sadarwarsa fiye da 9,000 ga kamfanin IHS, ya koma yana hayarsu. Ita ma Gwamnatin Tarayya ta kafa kamfanin Galaxy Backbone a 2006 domin ma'aikatu su daina gina wa kansu hanyoyin sadarwa daban-daban. A 2019 Hukumar Bunƙasa Fasahar Sadarwa ta Ƙasa, watau NITDA, ta fitar da manufar da ta umarci hukumomin gwamnati su fara duba gajimare kafin su sayi nasu kaya, sa'an nan a watan Janairu na 2023 aka buɗe babbar cibiyar adana bayanai ta Galaxy a Kano. Amfanin tsarin a fili yake: ba a zuba jari mai yawa a tashin farko, gobara ko sata a shago ba ta cinye littafin bashi, kuma mai shago yana iya duba cinikin Kumo yana zaune a zauren gidansa.

Lissafin Kuɗi

A nan ne ya kamata mai karatu ya natsu, gama a nan ne aka fi yin tuntuɓe. Kuɗin haya ba ya ƙarewa. Wanda ya sayi inji ya ji zafi sau ɗaya, ya yi shekara huɗu ko biyar yana mora. Wanda ya yi haya kuwa yana biya muddin shagonsa na buɗe. Saboda haka ba daidai ba ne a gwada kuɗin wata ɗaya da kuɗin sayen inji. Abin da ya dace shi ne a tara hayar shekara biyar a gefe ɗaya, a ɗaya gefen kuma a tara kuɗin inji da man janareta da batura da albashin injiniya na shekarun nan biyar. Wani lokaci haya ce za ta yi sauƙi, wani lokaci kuwa saye. Wakilin kamfani da ya zo talla ba zai yi wa kowa wannan lissafi ba, don ba aikinsa ba ne.

Bayan wannan akwai maganar dala. Yawancin kamfanonin waje da dala suke yanka farashinsu. A farkon watan Yuni na 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin hukuma. Bayan da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, kafin ƙarshen Fabrairu na 2024 dala ta haura naira 1,500. Alal misali, a ɗauka wata makaranta tana biyan dala 100 kowane wata. Abin da take fitarwa ya tashi daga naira 46,000 zuwa naira 150,000 ke nan cikin 'yan watanni, alhali ba a ƙara mata komai ba, iyayen yara kuwa ba su ninka kuɗin makaranta sau uku ba. Wannan ne ya sa kamfanoni da dama a ƙasar nan suka juya ga masu gajimare na gida, waɗanda ke yanka farashi da naira. A Janairun 2025 Amazon ya fara karɓar naira, sai dai karɓar naira daban, yanka farashi da naira daban. Tambayar da za a yi wa mai talla ita ce: idan dala ta tashi gobe, kuɗin hayata zai tashi ko zai tsaya?

Akwai kuma abin da kan faru in an kasa biya. Wasu na'urorin da ake sarrafawa daga gajimare ba sa aiki sai da lasisi mai rai. A tsarin da aka fi sani na Cisco Meraki, idan wa'adin lasisi ya cika akan ba da rangwamen kwana 30, bayan haka na'urorin su daina wuce da saƙo, ko da kuwa mai shago da kuɗinsa ya saye su. Wannan ba zamba ba ce, a rubuce yake cikin sharuɗɗa. Amma mutum nawa ne ke karanta sharuɗɗa kafin su sa hannu?

Idan Layi Ya Yanke

Wanda littafinsa ke gajimare ba shi da littafi sai da intanet. Tsakanin teburin akawu a Gombe da ginin da ke riƙe da bayanan akwai doguwar tafiya: turken sadarwa na unguwa, wayar gilashi da aka binne a gefen hanya har zuwa kudu, in kuma ginin yana ƙasar waje, sai igiyoyin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku. Kowace gaɓa tana iya tsinkewa. Masu aikin hanya sukan datse wayar gilashi da katafila ba da gangan ba. Ran 14 ga Maris, 2024, igiyoyi huɗu na ƙarƙashin teku, watau WACS da ACE da MainOne da SAT-3, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da kamfanoni a Nijeriya suka shiga halin ƙaƙa-nika-yi, gyaran kuma ya ɗauki makonni. Su kansu manyan kamfanonin sukan yi tuntuɓe: ran 20 ga Oktoba, 2025, wata matsala a cibiyar Amazon da ke jihar Bajiniya ta Amurka ta tsayar da ayyuka masu yawa a duniya na tsawon sa'o'i.

Maganin wannan ba mai tsada ba ne. A riƙe layi biyu daga kamfanoni biyu dabam, domin in ɗaya ya faɗi a hau ɗayan. A zaɓi manhajar ciniki wadda ke iya ci gaba da karɓar lissafi ba tare da intanet ba, ta aika daga baya. A kuma ajiye littafin takarda a cikin aljihun tebur; ba ƙauyanci ba ne.

Amanar Bayanan Jama'a

Kantin magani yana riƙe da sunayen marasa lafiya da irin maganin da suke sha. Makaranta tana riƙe da sunayen yara da hotunansu da lambobin iyayensu. Waɗannan amana ce, kuma doka ta shigo cikin maganar. A watan Yuni na 2023 Shugaban Ƙasa ya sa hannu a kan Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda ta kafa Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa. A ƙarƙashin dokar, wanda ya karɓi bayanan daga hannun mutane shi ne mai alhakin farko, ko da ya ba wani ajiya. Wajibi ne ya kasance akwai rubutacciyar yarjejeniya tsakaninsa da mai ajiyar. Idan aka yi kutse wanda zai iya cutar da masu bayanan, dole ya sanar da Hukumar cikin sa'o'i 72 daga lokacin da ya sani. Fitar da bayanan 'yan ƙasa zuwa waje ma yana da sharuɗɗansa, don haka ya halatta ɗan kasuwa ya nemi a gaya masa a rubuce a wace ƙasa ginin yake. Tarar saɓa dokar ga ƙananan masu sana'a tana iya kaiwa naira miliyan 2, ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa.

Sau da yawa ɓarna ba daga gajimare take zuwa ba, daga cikin shago take. Yaron kanti ne zai buɗe asusun da lambar wayarsa da adireshinsa na imel, domin maigida ya ce shi bai iya ba. Ran da suka ɓata, yaro ya tafi da mabuɗin, maigida ya wayi gari baƙo ne a cikin dukiyarsa, kamfanin haya kuwa ba ya sanin kowa sai wanda sunansa ke kan asusu. Lalle ne a buɗe asusu da sunan sana'ar, babban mabuɗi ya zauna a hannun mai ita, kowane ma'aikaci a ba shi tasa kalmar sirri wadda za a soke ranar da ya bar aiki.

Ranar Rabuwa

Shiga haya tana da sauƙi, fita ce ke da wuya. Bayan shekara uku, dukan tarihin cinikin mutum yana hannun kamfani ɗaya, a cikin tsarin da watakila wani kamfanin ba zai iya karantawa ba, wasu kuma har kuɗi suke caji a kan kwashe bayanai zuwa waje. A irin wannan hali in aka ƙara masa farashi ba shi da bakin magana. Don haka tun ranar farko za a yi maganar ranar ƙarshe: kwana nawa za a ba shi ya kwashe kayansa, a wace siffa za a ba shi su, nawa zai biya, kuma yaushe za a goge abin da ya saura. Kada ya tsaya ga alkawarin baki. Ya gwada sauke kwafin bayanansa tun a watan farko, ya buɗe ya ga ko suna karantuwa, sa'an nan ya mayar da haka al'ada, yana ajiye kwafin a wani wuri da ba shagon ba.

Wanda yake da kuka a kan layin intanet ko na waya sai ya fara kai shi ga kamfanin da ya ba shi layin, ya karɓi lambar ƙorafi. In ba a share masa hawaye ba, ya kira Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, a lamba 622, kyauta ne. Kukan da ya shafi tonon bayanai ko yin amfani da su ba da izini ba kuwa, Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa da ke Abuja ita ce ke sauraronsa.