Me Ya Sa Wasu 'Yan Gem Ke Gudun Wasannin Faɗa?

Duk wanda ya saba leƙa gidajen gem na unguwanninmu ya san yadda tsarin yake. Talabijin huɗu ko biyar, kusan duka ƙwallo ake bugawa, sai guda ɗaya can a lungu inda ake Mortal Kombat ko Tekken. Mutanen lungun nan ba su cika canzawa ba, fuskokin jiya su ne na yau. Akwai yaran da za su wuni suna buga ƙwallo, ko Free Fire da PUBG a waya, amma da zarar an miƙa musu hannun gem an ce su zo a gwabza, sai su ce a kai kasuwa. Waɗanda suka iya kan ce tsoro ne kawai. Mu dai da muka duba lamarin, mun ga masu gudun suna da hujjoji, wasu ma masu ƙarfi.

Wasan faɗa, ga wanda bai sani ba, shi ne wanda mutum biyu ke fuskantar juna a allo ɗaya, kowa da ɗan wasansa, kowa da layin ƙarfinsa a sama. Wanda layinsa ya fara ƙarewa ya faɗi. Street Fighter II, wanda kamfanin Capcom na Japan ya fitar a 1991, shi ya kafa wannan tsari yadda muka san shi. Mortal Kombat ya biyo baya daga Amurka a 1992, sai Tekken a 1994.

Babu wanda za ka ɗora wa laifi

Idan aka ci ka a ƙwallo, kana da abin faɗa. Gola ne ya yi sake, alƙali ne ya ƙi busa fenariti, ko kulob ɗin da ka ɗauka ne ba shi da 'yan gaba. A Free Fire kuwa ku huɗu ne, sai ka ce abokinka ne bai kawo maka ɗauki ba. A wasan faɗa duk waɗannan ƙofofi a rufe suke. Kai ne da abokin karawarka, ga 'yan kallo a bayanku. Cikin minti biyu an gama, wani lokaci ko taɓa shi ba ka yi ba, allo ya rubuta cewa ya ci ka ba tare da ya sha ko naushi ɗaya ba. Ba kowa ke iya haɗiye wannan ba, ballantana wanda ya fito daga makaranta a gajiye yana neman abin da zai ɗebe masa kewa.

Abin da ya fi ciwo shi ne sau da yawa sabon shiga bai ma san abin da ya kayar da shi ba. A ƙwallo ko ba ka iya ba, ka ga inda aka zura maka. A nan kuwa sai dai ka ga an ɗaga ɗan wasanka sama ana ta jibga, kana danna komai ba abin da ke motsi. Wannan jerin duka da ba a iya katsewa shi ake kira kwambo, kuma a wasu wasannin kwambo ɗaya kan cinye kusan rabin ƙarfinka.

Dalilin yana cikin yadda aka gina wasannin. Allon yana sauya hoto sau 60 a cikin daƙiƙa ɗaya, kuma da waɗannan hotuna ake auna saurin kowane naushi. Naushi mafi sauri a Street Fighter 6 yana sauka cikin hoto 4, na Tekken kuwa galibi cikin hoto 10. Shi kuwa ɗan Adam, kafin idonsa ya ga abu har yatsansa ya motsa, yakan ɗauki kusan kashi ɗaya cikin huɗu na daƙiƙa, wato wajen hoto 15. Ke nan ba za ka taɓa ganin naushin sannan ka kare ba. Sai dai ka riga ka san zai zo. Gwanaye sun haddace wane duka ne ke barin mai shi a buɗe idan aka tare, wane ne kuma ba ya bari, kamar yadda kuke haddace jadawalin sau a aji. A Tekken akwai 'yan wasan da jerin dabarunsu ya haura 100, kuma sanin na naka kaɗai bai isa ba, sai ka san na wanda ke gabanka.

Kafin ma a kai nan, akwai wahalar yatsu. Don Ryu ya jefa ƙwallon wutar nan tasa da ake kira Hadoken, sai ka danna ƙasa, ka murza zuwa gaba, sannan ka danna naushi, duk a tafi ɗaya. Wanda ya saba ba ya ko tunani. Sabon shiga kuwa zai iya yin mako guda yana gwadawa, ta fita sau ɗaya ta ƙi sau uku. Maganin da gwanaye ke bayarwa shi ne ka shiga ɗakin atisaye na cikin gem ɗin, ka yi ta maimaitawa a kan ɗan wasan da ba ya ramawa. To, ɗalibin da ke da aikin gida na lissafi da na kimiyya, ga haddar Islamiyya, idan aka ce masa gem ma sai ya yi bita, ba abin mamaki ba ne ya koma ƙwallonsa. Kuma wanda ke biyan kuɗi a kan kowane wasa a gidan gem, ina ya ga damar atisaye?

Gadon da aka ɗauko daga gidajen gem na da

Waɗannan wasanni a shagunan gem na Japan da Amurka suka girma, inda ake jefa tsabar kuɗi a na'ura kafin a buga. Dokar wurin ita ce wanda ya ci ya zauna, wanda aka ci ya tashi ya koma layi ya sake biya. Mu ma a nan haka muke yi. Idan ka duba da kyau, wannan doka gwani take ƙara wa gwaninta: shi ne ke samun awa guda a kan kujera, mai koyo kuwa minti biyu ne rabonsa, kuma shi ne mai biya.

Tare da dokar aka gaji baki. Gatse, kirari, ihu a kunnen wanda aka kayar, duk ana ɗaukarsu a matsayin gishirin wasa. Ba za mu ce babu daɗi a ciki ba, domin ko a filin dambe kirari da kiɗa su ke sa jini ya tsinke. Amma ɗan damben da ya shiga fili ya san abin da ya zo yi, kuma da sa'ansa ake haɗa shi. A gidan gem kuwa, yaron da ya fara riƙe hannu jiya ana iya haɗa shi da wanda ya shekara biyar yana yi, a kuma yi masa dariya iri ɗaya.

Wani lokaci abin kan wuce wasa. A 2012, a wani shirin gasa mai suna Cross Assault da Capcom ya shirya ana nunawa kai tsaye a intanet, kocin wata tawaga ya riƙa yi wa wata 'yar wasa da ke ƙarƙashinsa maganganun da ba su dace ba. Da aka yi masa magana, sai ya kare kansa da cewa haka al'adar masu wasan faɗa take. Yarinyar ta janye daga gasar, daga baya shi da kamfanin suka nemi afuwa. A 2020 kuma, an soke babbar gasar Evo da aka shirya yi ta intanet bayan an zargi ɗaya daga cikin shugabanninta da lalata, manyan kamfanoni suka janye wasanninsu, aka cire shi daga muƙaminsa. Irin waɗannan labarai sun sa 'yan mata da yawa da iyaye suna kallon harkar daga nesa, kuma ba mu ga laifinsu ba.

Akwai kuma waɗanda abin da ke cikin allon ne ba ya yi musu. Zubar da jinin Mortal Kombat ya kai har Majalisar Dattawan Amurka ta yi zama a kan wasannin bidiyo a 1993, abin da ya haifar da hukumar da ke sanya wa wasanni alamar shekaru a 1994. Sababbin Mortal Kombat na yanzu alamar 'yan shekara 17 zuwa sama ke jikinsu, wato yawancinku masu karanta wannan shafi ba ku kai ba, ko da mai gidan gem bai tambaya ba. Shigar da ake yi wa wasu 'yan wasa mata a ciki ma ta isa ta sa mutum ya kashe talabijin idan babba ya shigo ɗaki.

Abin da ke riƙe masu zama

Idan abin haka yake, me ya sa wasu ba sa iya bari? A 2004, a gasar Evo da aka yi a California, Daigo Umehara na Japan ya kara da Justin Wong na Amurka a Street Fighter III. Ƙarfin Daigo saura ƙiris, ko tarewa ya yi zai faɗi. Justin ya saki babban harin Chun-Li mai shuri 15. Daigo ya kaɗe su ɗaya bayan ɗaya, kowanne a daidai lokacinsa, sannan ya juya ya gama da shi. Ɗakin ya kaure da ihu. Har yau ana kallon bidiyon, kuma aiki biyu yake yi: wani ya gani ya ce sai ya koya, wani ya gani ya ce wannan ba wurin zuwansa ba ne.

Sai kuma labarin Arslan Ash, matashi daga Lahore a Pakistan. Kafin 2019 kusan ba wanda ke lissafa ƙasarsa a Tekken, 'yan Koriya ta Kudu da Japan ne ke riƙe da kambu. A shekarar ya sha wahalar biza da sauye-sauyen jirgi kafin ya isa Japan, ya lashe gasar Evo ta can, sannan ya tafi Las Vegas ya doke gwanin Koriya da ake kira Knee ya ɗauki ta duniya. A ƙananan gidajen gem na Lahore ya koya, a cikin irin zafin gasar da muka bayyana a sama. Wurin da ya ƙera Arslan, Allah kaɗai ya san yara nawa suka leƙa sau ɗaya ba su sake komawa ba.

Ko a Evo ɗin ma faɗuwa ita ce abincin yawancin mutane. Tsarin gasar shi ne idan aka ci ka sau biyu ka fita. A 2023 mutum sama da 7,000 suka shiga ɓangaren Street Fighter 6. Ku yi lissafin da kanku: rabi za su faɗi a karawar farko, rabin waɗannan kuma su sake faɗuwa a ta biyu. Wato kusan mutum ɗaya cikin huɗu ya biya kuɗin jirgi da masauki, ya koma gida bai ci kowa ba. Da yawansu kuma sukan dawo wata shekarar, domin a gefen gasar akwai tebura inda ake buga wasan sada zumunta, gwani ya zauna da mai koyo ya nuna masa inda yake kuskure. Wannan ɓangaren ba ya fitowa a bidiyon da ke yawo.

Kamfanonin sun farga

Su kansu masu ƙera wasannin sun gane suna asarar mutane. Street Fighter 6, da ya fito a 2023, ya zo da wani tsarin dannawa mai suna Modern, inda maɓalli ɗaya ke fitar da Hadoken ba sai an murza ba, sai dai an rage wa dukan ƙarfi kaɗan. Tekken 8 ma ya zo da irin nasa a 2024. An ƙara sautuka da ke gaya wa mai wasa nisan abokin karawarsa, har wani makaho ɗan ƙasar Holan mai suna Sven ya ci karawa a kan dandalin Evo a 2023. Wasu tsofaffin hannu sun yi ta gunaguni cewa Modern na ragwaye ne, sai ga Haitani, ɗaya daga cikin tsofaffin gwanayen Japan, ya yi amfani da shi ya kai sahun shida na ƙarshe a gasar shekarar.

A intanet kuma akwai tsarin da ke haɗa mai koyo da mai koyo, wanda shi ne babban maganin matsalar. Sai dai a nan ne namu ya bambanta. Wasan da ake auna shi da hoto 4 ba ya jure sabis mai tsinkewa, kuma idan abokin karawarka yana Turai kai kana Kano ko Maraɗi, nisan kaɗai ya isa ya sa ka danna yanzu dukan ya fita anjima. An ƙirƙiro wata dabara da ake kira rollback wadda ke rage wannan jinkiri, kuma yawancin sababbin wasannin suna da ita, amma ba ta sayen data, ba ta kawo wuta.

Saboda haka ga yawancin ɗalibanmu hanya ɗaya ce ta koyo: benci, da wanda ke zaune a kansa. Idan a makarantarku ko unguwarku kuna da ƙungiyar masu buga irin waɗannan wasanni kuma kuna mamakin me ya sa ba ku ƙaruwa, ku gwada sauya doka ɗaya na wata guda. Wanda ya ci sau uku a jere ya tashi ya ba da hannu, sababbi biyu su kara da junansu, shi kuma ya tsaya a baya yana gaya musu wane duka ake tarewa a tsaye, wane ne sai an durƙusa.