Ɗakin Kallo A Saman Bene: Kafin A Sayi Tele, A Fara Ganin Magini

Duk wanda ya tashi a garin Diffa a farkon shekarun 2000 zai tuna da gidajen bidiyo na unguwa. Rumfa ce ta zana ko ta kwano, da bencina, da tele guda bisa tebur, ga allo a bakin ƙofa an rubuta sunan fim ɗin dare da alli. Kaset daga Kano yake tasowa, ya biyo ta Maiduguri ko ta Damagaram cikin kayan ƴan kasuwa. A irin waɗannan rumfuna da yawanmu muka fara ganin Sangaya, wanda ya fito a 1999, mai kuɗin shiga ya zauna ciki, mu marasa ko dala mu leƙa ta hujin zana har mai gidan ya koro mu.

Idan ba a manta ba, a watan Yuni na 2014 bam ya tashi a wani gidan kallon ƙwallo a Damaturu ta jihar Yobe, ana cikin wasan Brazil da Mexico na cin kofin duniya, inda mutane da dama suka rasa rayukansu. A watan Fabrairu na 2015 kuma aka kai hari Bosso da Diffa, gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawan babur, aka taƙaita fitar dare. Tun daga nan uwa ba ta samun kwanciyar hankali idan ɗanta yana cikin taro bayan isha'i. Kallo ya fara komawa cikin gida, musamman da tashar Arewa24 ta buɗe a 2014, shirye-shirye irin su Daɗin Kowa suka zama abin hirar mata a kasuwa. Sai kuma Komadugu ta yi ambaliya a 2019, ta sake a 2022, ta koya wa mazauna bakin kogi cewa abin da ke ƙasa na ruwa ne. Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan Alhaji ya sayar da tattasai ya ga riba, ko Hajiya ta kwashi adashi, tunani ya tafi ga ɗora ɗaki guda a sama: iyali su yi kallo, yara su yi karatu, baƙo ya kwana, ranar wasan Mena ko kokowar Takobi kuma maƙwabta su hau.

Tunani ne mai kyau. To amma fa mun lura da yadda ake fara shi ta wutsiya. Tele ake fara saye, babba, a jingine ta a ɗaka cikin kwalinta wata da watanni, sannan a je neman magini da abin da ya rage a aljihu. A ganinmu tele ce ta ƙarshe, domin ita kaɗai ce za a iya sakewa gobe ba tare da an rushe komai ba.

Maganar farko nauyi ce. Yawancin gidajenmu an haƙa tushensu ne don su ɗauki rufin kwano ko na ƙasa kawai, ba wanda ya yi lissafin wani ɗaki a kansu. Gidan laka da ruwan ambaliya ya taɓa kwana a gindinsa, ko da an shafe shi da siminti ya yi kyan gani, ba wurin ɗora bene ba ne. Magabata sun san wannan, shi ya sa soron bene na gargajiya yake da katanga mai kauri a ƙasa, kuma ba sa barin azara ta yi tsallaken da ya wuce mita 2 ba tare da abin da ya tallafe ta ba. Masu zanen gini na zamani suna lissafa wa daɓen ɗakin kwana kimanin kilo 200 a kowane murabba'in mita, amma wurin taron jama'a sukan ba shi ninki biyu ko fiye. Dalili kuwa, mutum 30 da ke zaune shiru daban suke da mutum 30 da suka yi tsalle lokaci guda don an ci ƙwallo.

Ga kuma wani abu da ya shafe ku kai tsaye, ƴan kasuwa. Mun san halinmu, ɗakin da babu kowa cikinsa da rana ba ya daɗewa bai zama sito ba. Buhun shinkafa 20 mai kilo 50 tan guda ke nan, idan aka jibge su a kusurwa guda da ba ta wuce murabba'in mita 2 ba, kowane mita yana ɗauke da kilo 500. Nauyin da ya fi na ƴan kallo haɗari ke nan, kuma ba ya tashi ya tafi gida bayan an gama fim. Idan da niyyar ajiye kaya a sama, a gaya wa magini tun kafin ya sayi ƙarfe. Busasshen tattasai kam ba shi da nauyi sosai, sai dai wanda ya haɗa shi ɗaki guda da fanka zai kalli fim ɗinsa da atishawa da hawaye.

Wajen zuba kankare ma a sa ido. Rairayin tudu irin na wajen Maine-Sorowa ya cika laushi, kankare yana son yashi mai gautsi da tsakuwa mai tsabta. Ƙasar Manga ƙasar kanwa da gishiri ce, ruwa mai gishiri kuwa yana cin ƙarfen da ke cikin kankare a hankali har ya tsage shi. Bayan an zuba, a riƙa ba shi ruwa aƙalla mako guda, kuma a sani sai ya kwana 28 yake cika ƙarfinsa. Magini mai gaggawar cire sandunan tokara don ya kai su wani aikin, a ba shi haƙuri, a hana shi.

Sai zafi. A watannin Afrilu da Mayu zafin Diffa yana haura digiri 40 a inuwa, ɗakin sama kuma shi ne ke karɓar rana ta kai da ta gefe. Kwano tsirara ba silin tanda ce, ba ɗaki ba. A ɗaga rufin, a sa silin, a bar rata tsakaninsu da ƙananan kafofi don iska mai zafi ta fita, a sa musu raga saboda jemagu. Tagogi su kalli juna, kudu da arewa, bangon yamma ya zama ba taga ko kuma a yi masa rumfa. Wannan ya yi daidai da buƙatar kallo, domin tele ba ta son haske ya faɗo mata a fuska. A jingina ta da bangon da ba ya shan ranar yamma, a bar ɗan fili a bayanta, in an gama a rufe ta da zane saboda ƙurar hunturu.

Batun wuta kuwa, ba sai mun tuna wa kowa halin kuran ba. A watan Agusta na 2023 Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar, ba ta maido ba sai a Maris na 2024. Wanda ya gina ɗakin kallo ya dogara da layi kaɗai, ya shirya jin ƙarshen wasa a bakin maƙwabta. Bari mu yi lissafin tare, irin na kasuwa. Tele mai inci 43 tana cin wat 80 ko kusa da haka, dikoda 15, fanka biyu na sama 140, ƙwai biyu na zamani 20. Jimla wajen wat 250. Kallon awa 5 ya kama 1,250. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana riƙe 2,400, amma irin na dalma ba a shanye fiye da rabinsa idan ana son ya yi ƙarko, wato 1,200. Kun ga batir guda da ƙyar zai kai, kuma abin da ya fi cinye shi fanka ce, ba tele ba. Kuɗin da aka kashe wajen sanyaya ɗaki tun daga gini, a wajen batir da faranti mai hasken rana ake maido shi.

Mai janareto kuma, don Allah kada ya hau da shi sama, kada ya ajiye shi ƙarƙashin matakala ko gindin taga. A cikin hayaƙinsa akwai iskar da ba ta da wari ba ta da launi, mutum ya ji barci kawai, daga nan sai labari. A kuma ɗaga kai a duba wayoyin Nigelec kafin a ɗora bulo. A watan Afrilu na 2017 wayar wuta mai ƙarfi ta faɗo kan wani gidan kallo mai rufin kwano a Kalaba ta Najeriya, ana kallon Manchester United da Anderlecht, aka yi asarar rayuka. Ɗakin sama da farantin tauraron ɗan Adam a kansa ya fi rumfa kusa da waya.

Ƙofa da matakala su ne inda aka fi yin rowa, alhali a nan rai yake. Tsofaffin Kano ba su manta da gobarar siliman El-Duniya ta 1951 ba, wadda ta ci fiye da mutum 300. Ɗakinku ba siliman ba ne, amma mutum 20 a duhu da ƙofa guda mai buɗewa ciki sun isa su danne juna. Ƙofa ta buɗe waje, kada a kulle ta da kwaɗo ana ciki, matakala ta kai faɗin mita guda, da abin riƙewa da fitila mai batir. A tuna da Inna da ciwon gwiwarta, da mai ciki, da yaron da zai sauko da gudu.

Mu da muke aiki a gidan rediyo mun ɗan san halin sauti. Ɗaki mai bango huɗu na siminti da tayil a ƙasa amsa-kuwwa yake yi, sai a yi ta ƙara murya ba a jin abin da ake faɗa. Maganinsa yana kasuwa da araha: darduma ko tabarmar kaba a ƙasa, labule mai kauri, katifun zama a jikin bango. Kwalin ƙwai da wasu ke mannawa ba ya hana ƙara fita, ga shi abincin wuta. Ƙara ta kafar ƙofa da taga take tsere wa, kuma daga sama ta fi nisa, don haka maƙwabci mai jinya da masallacin unguwa suna da haƙƙi a kan makunnin muryar nan. Tele mai inci 43 a zauna mata nesa da mita 2 zuwa 3, tsakiyarta daidai idon wanda ke zaune. Tun da mu a ƙasa muke zama, rataye ta can kusa da silin ciwon wuya ne kawai.

Ba kowa ne ke buƙatar bene ba. A ƙaramar hukumar Fulatari, cikin gundumar Maine-Sorowa, ƙasar makiyaya ce mai faɗi, nesa da ambaliyar kogi, fili bai yi tsada ba. A can ɗakin ƙasa mai kaurin bango da rumfa a gaba ya fi kowane bene sanyi da sauƙin kuɗi, kuma faranti da batir ɗin da za su kunna tele da dare su ne za su yi cajin wayoyi da rana a samu na cefane. Wanda ya ga bene a Diffa ya koma ƙauye ya kwaikwaya don a ce ya yi, ya sayi zafi da kuɗinsa.

Saura magana guda, ku iyayenmu mata. Sau da yawa da kuɗin adashinku ake sayen siminti, amma da an gama sai ɗakin ya zama fadar maigida da abokansa, ku da yara ku koma leƙe. A yi wannan magana tun ana zana gini a ƙasa. Idan baƙi maza za su riƙa hawa, matakala ta fito ta wajen zaure, kada ta ratsa tsakar gida. Idan za a karɓi kuɗin shiga, ya zama sana'a, da patanti da duk abin da ke biye da ita, kuma ba ɗakin iyali ba ne kuma. A raba lokaci a fili: bayan la'asar na karatun yara, ranar taron adashi naku, daren ƙwallo nasu. Makulli kuma a yanka biyu, ɗaya ya zauna a bakin zanenki, Hajiya.