Yadda kuskure a ramin caji ya buɗe wayar ɗan zanga-zanga

Ranar 25 ga Disamba, 2024, jami'an tsaron Sabiya suka tsare wani ɗalibi mai shekara 23 a Belgrade, lokacin zanga-zangar da ta biyo bayan ruftawar rufin tashar jirgin ƙasa a Novi Sad. Wayarsa Samsung Galaxy A32 a kulle take, bai kuma ba da lambar sirri ba. Duk da haka an shiga cikinta. Binciken da Amnesty International ta fitar a Fabrairun 2025 ya gano cewa na'urar kamfanin Cellebrite na Isra'ila ce ta bi ta ramin caji.

Ramin nan na USB ba wuta kaɗai yake ɗauka ba. Duk abin da aka jona sai ya gabatar da kansa, wata ƙaramar manhaja da ake kira direba ta saurare shi. Android kuwa a kan ƙwaryar Linux aka gina ta, ta gaji direbobinta, har da na kyamarar bidiyo. Nan aibin yake. Direban yakan ƙidaya bayanan da kyamara ta turo, ya ware musu wuri a ma'ajiyar waya, amma akwai wani nau'i da ba ya sa wa a lissafi alhali yana rubuta shi. Tamkar mai awo ne da ya tanadi buhu goma ya zuba hatsin goma sha ɗaya: rarar sai ta malala inda ba a nufa ba. Na'urar da ta yi shigar kyamara tana iya zaɓar abin da zai malala, ta haka ta ƙwace ragamar wayar.

Tun 2008 kuskuren yake kwance. Gyaransa, abin mamaki, bai wuce umartar direban ya tsallake wancan nau'i ba. Google ta sa shi cikin sabuntawar tsaro ta Fabrairun 2025 da lamba CVE-2024-53104, ta toshe wasu biyu makamantansa a Maris da Afrilu. Cellebrite kuma ta ce ta dakatar da abokan cinikinta na Sabiya da abin ya shafa.

Sai dai gyara a Google daban, isowarsa aljihun matashi a Madadi daban. Sai kamfanin da ya ƙera wayar ya ɗauka ya tura, kuma tsofaffin wayoyi masu araha, irin waɗanda suka cika shagunan caji daga Gwarzo zuwa Kabo, sukan daina samun sabuntawa da wuri. Wanda ya ga kamen da ya biyo bayan zanga-zangar tsadar rayuwa a Kano cikin Agustan 2024 ya san waya na iya kwana a hannun da ba na mai ita ba.

Ranar sabuntawar tsaro ta ƙarshe tana cikin saitin waya, a sashen bayanan manhaja. Idan ba ta kai 5 ga Afrilu, 2025 ba, wataƙila ɗaya daga ƙofofin nan uku tana buɗe har yanzu.