Abincin da ke sauke hawan jini: shin yana kare mace daga ciwon dajin nono?

Uwa, idan aka auna ki a gidan likita aka tarar awon ya kai 14 bisa 9 ko ya haura, aka sake aunawa wata rana aka same shi haka, to wannan shi ne hawan jini, wanda wasu ke ce wa tansiyo. Shawarar farko da za ki ji daga bakin malamin asibiti ita ce ki rage gishiri. Shawara ce mai kyau, amma ba ta ƙare a nan ba. Akwai tsarin cin abinci sukutum da aka gwada aka tabbatar yana sauke jini, kuma a ƴan shekarun nan masu bincike sun soma tambaya ko wannan tsari yana da hannu wajen rage wata cuta da mata ke tsoron ko ambaton sunanta, wato ciwon dajin nono, ko sankarar mama. Wannan takarda taki ce, kuma taku ce ku wakilan lafiya da ke zagaya gidaje a gundumomin Keita, Buza da Madawa, domin ku ne za a tare da tambaya a bakin rijiya ko wurin suna.

An tsara wannan abinci a Amurka, inda ake kiransa DASH. A shekarar 1997 aka bayyana sakamakon gwajin da aka yi da mutane 459, waɗanda aka ciyar har mako takwas. Rukunin da aka ba kayan lambu da ƴaƴan itace da yawa, da hatsin da ba a cire masa dusa ba, da wake, da gyaɗa da danginta, da nono maras maiƙo sosai, tare da rage jan nama, kitse da kayan zaƙi, jininsu ya sauka cikin mako biyu na farko. Ga waɗanda dama suke da hawan jini, saukar ta kusa kai abin da ƙwayar magani guda ke yi. A 2001 aka bayyana sakamakon maimaita gwajin tare da rage gishiri, jinin ya ƙara sauka. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Gishiri yana riƙe ruwa a jiki, ruwan ya cika jijiyoyi, zuciya ta riƙa turawa da ƙarfi. Ganye, wake da ƴaƴan itace kuwa suna ɗauke da sinadarin fotasiyam, wanda ke taimakon ƙoda ta fitar da gishirin da ya yi yawa ta hanyar fitsari.

Labarin dajin nono ya fito ne daga ƙasar Iran, inda wannan cuta ita ce kan gaba cikin cututtukan dajin da ke kama mata, kamar yadda take a nan Nijar. A birnin Isfahan masu bincike sun zauna da mata 350 da aka tabbatar suna da cutar, da wasu 700 masu lafiya, suka tambaye su dalla-dalla abin da suka saba ci. Sai aka ga matan da cimarsu ta fi kusa da wancan tsari na sauke jini sun fi ƙaranci a cikin masu cutar. An yi irin wannan aiki a Tehran, babban birnin ƙasar, aka sami abin da ya yi kama da haka. Abin ya ja hankalina ne domin matan Iran musulmi ne kamarmu, giya ba ta cikin al'adar mafi yawansu, kuma wake, ganye da nono mai tsami ba baƙi ba ne a akushinsu.

Sai dai a yi hattara da yadda za a ɗauki wannan labari. Binciken ya dogara ne ga abin da mace ta tuna ta ci a baya, kuma wadda ciwo ya kwantar ba ta tuna abincinta kamar yadda mai lafiya ke tunawa. Ban da haka, matar da ke cin ganye da wake sau da yawa ita ce kuma ba ta da ƙiba, ita ce mai yawan motsi, don haka da wuya a ware rabon abinci shi kaɗai. Abin da binciken ya nuna alaƙa ce, bai kai hujjar da za a ce wannan abinci rigakafi ne ba. Game da hawan jini magana ta tabbata. Game da dajin nono kuwa alama ce mai ƙarfafa gwiwa, wadda ta dace da abubuwan da aka riga aka sani: ƙiba bayan ɗaukewar al'ada tana ƙara haɗarin cutar, saboda kitsen jiki yana samar da sinadarin mata da ke ciyar da wasu nau'o'in dajin, giya tana ƙara shi, motsa jiki yana rage shi.

Akwai kuma abu guda da ke hannunki tun tuni, wato shayarwa. A 2002 aka haɗa bincike 47 daga ƙasashe 30, aka gano cewa kowane wata 12 da mace ta yi tana shayarwa yana rage haɗarin dajin nono da kimanin kashi 4 cikin 100. Nono zalla har wata shida, da ci gaba da shayarwa har shekara biyu, da muke ta nanatawa saboda jariri, ashe uwar ma tana da rabonta a ciki.

Yanzu mu dawo madafa. Duk wanda ya karanta jerin abincin nan na Amurka, ya dubi tukunyar Adar, zai ga rabinsa muna da shi tun kaka da kakanni. Gero da dawa sun fi farar shinkafa da maka amfani ga jijiyoyin jini, muddin ba a surfe su aka wanke har suka rasa dusarsu kaf ba. Fura da nono abinci ne da ya cika sharaɗi, idan ba a danna masa sukari ba. Wake yana nan, ko a dafa shi da gero, ko ɗanwake, ko a zuba a miya. Ga zogale, wanda a nan ake ce wa tamakka, ga tafasa, rama, yakuwa, kuka da kuɓewa. Kwaɗon ganye da ƙuli-ƙuli da ɗanyar albasa ya tara kusan duk abin da ake nema a kwano ɗaya. Albasa kuwa ba sai an faɗa wa mutanen wannan yanki ba, tun da ta Galmi da ta kwarin Tarka ake lodawa zuwa ƙasashen bakin teku. Da rani garake suna ba da tumatir, shu, karas, salati da kabewa. Magarya, aduwa, goruba da ƴaƴan kuka su ma ƴaƴan itace ne, ko da ba a saye su a kanti ba. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce babban mutum ya ci giram 400 na kayan lambu da ƴaƴan itace a yini, wato kamar cikin tafin hannu sau biyar. Na san daga ƙarshen bazara zuwa kaka, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, wannan adadi ya fi ƙarfin gidaje da yawa. Abin da za a iya shi ne a shanya ganye, tumatir da kuɓewa tun suna araha, ganyen a inuwa domin kada rana ta cinye amfaninsa, a adana don wancan lokaci.

Inda tukunyarmu ta kauce shi ne wajen gishiri, kuma ta ƙofa uku yake shigowa. Ta farko gishirin da ake barbaɗawa da hannu. Ta biyu dunƙulen ɗanɗano da ake saya a tebur, wanda kusan rabin nauyinsa gishiri ne. Uwargida za ta jefa uku ko huɗu a miya, sannan ta ƙara gishiri a kai, a ganinta ɗaya daban ɗaya daban. Ta uku kanwa. OMS ta ƙayyade wa babban mutum ƙasa da giram 5 na gishiri a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma wannan ya haɗa da na miya, na yaji, na kilishi da na burodi. Ba a ce ki daina rana ɗaya ba, domin maigida zai ture kwanon. Ki rage kaɗan-kaɗan, dunƙule uku su koma biyu, biyu su koma ɗaya, ki cike gurbin da daddawa, albasa, tafarnuwa, citta da tsamiya. Cikin ƴan makonni harshe yakan saba, har miyar da ta koma tana yi masa zartsi. Gishirin da za ki yi amfani da shi kuwa ya zama mai sinadarin iyod, saboda kariya daga maƙoƙo da kuma ƙwaƙwalwar ɗan da ke ciki. Ki ajiye shi a rufe, nesa da murhu.

Maganar kanwa tana buƙatar tsayawa, domin ta shafi masu jego. Kanwa ƴar'uwar gishiri ce, sinadarin da ke ɗaga jini yana cikinta. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya, a arewacin Najeriya, sun lura da yawan matan da zuciyarsu ke gazawa a makonnin bayan haihuwa, suna zuwa da kumburin ƙafa da sarƙewar numfashi. Suka danganta abin da yawan shan kunun kanwa, haɗe da wankan ruwa mai tsananin zafi da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Iyayenmu da kakanninmu da ke dama wannan kunu ƙauna ce ta sa su, suna so nono ya kawo, jiki ya koma daidai. Amma abin da ke kawo nono shi ne yawan sa jariri a mama, da ƙoshin uwa, da shan ruwa. A dama wa mai jego kunun gero da gyaɗa ko da tsamiya, a bar kanwar. Ku wakilan lafiya, wannan magana da kaka da uwar miji za ku yi ta, cikin ladabi, domin su ke riƙe da ludayin. Wajen dafa wake ma, idan aka jiƙa shi tun dare zai nuna ba tare da kanwa ba, ko da ɗan kaɗan.

Kada wani ya fahimci wannan takarda a matsayin kira ga rage ci. An tsara abincin nan ne a ƙasar da ƙiba ta yi yawa, mu kuwa a yankinmu rama da ƙarancin jini sun fi damun mata. Mai ciki da mai shayarwa ƙari suke buƙata: ƙwai, kifi, hanta, nama idan ya samu, da ƙwayoyin ƙarin jini da ake bayarwa wurin awon ciki. Yaro ƙarami yana buƙatar mai da nono mai maiƙonsa domin ya girma, kuma abincin tamowa da aka ba yaro magani ne, a ba shi duka yadda aka faɗa. Rage kitse da zaƙi ya fi shafar wadda jiki ya soma nauyi, mai zaman gida ko kasuwa, mai shayi da sukari sau uku a yini da lemon kwalba. Matan da suka ɗauki duwatsu a ka suka farfaɗo da fako da tsaunukan Keita, tun da aka soma babban aikin raya karkara a 1984, ba su buƙatar a koya musu motsa jiki. Ƴaƴansu da suka koma birni su ne abin tunawa. Haka kuma hawan jinin mai ciki ba a maganinsa da abinci. Ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, alamu ne na jijjigar haihuwa, a tafi asibiti a ranar. Wadda aka ɗora a kan maganin hawan jini kuma ta ci gaba da sha, ko da ta gyara tukunyarta.

Abin da ya fi kashe mata a dajin nono jinkiri ne. A 2022 mata kimanin miliyan 2.3 aka gano suna da cutar a duniya, kimanin 670,000 suka rasu, kuma a ƙasashe irin namu mafi yawa suna isa asibiti ne bayan ciwon ya fashe ko ya bazu. Babu zogale, babu tafarnuwa, babu jiƙo da zai narkar da ƙullutun da ya riga ya fito. Ki san nononki. Sau ɗaya a wata, bayan kin yi wankan tsarki, ki shafa shi da tafin yatsu har zuwa hammata. Ƙullutu mai tauri, ko da ba ya ciwo; kan nono da ya shige ciki; jini ko ruwa da ke fita ba na shayarwa ba; fata da ta yi kauri da ƴan ramuka kamar ɓawon lemo; gyambon da ya ƙi warkewa: kowanne daga cikinsu ya isa ya kai ki wurin ungozomar asibiti. Yawancin ƙullutai ba daji ba ne, musamman ga mai shayarwa, wadda nono kan yi wa kumburi da zazzaɓi. Amma idan an yi magani ƙullutun bai baje ba, ki koma, kada ki jira yaye.

Za ku ji ana cewa daji ba ya son allura, ko wuƙar likita ce ke watsa shi. Abin da ya haifi wannan zance shi ne matan da aka kai asibiti a makare, suka rasu ba da jimawa ba, sai aka ɗora wa allurar laifi. Tsaga da sakiya da shafe-shafe kuwa watanni suke cinyewa, waɗanda su ne mafi tsada. Cutar ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, don haka babu dalilin ware wa mai ita kwano ko ɗaki. Daga gidan likita na kusa za a ba ta takarda zuwa asibitin gunduma a Keita, Buza ko Madawa, daga can zuwa Tawa idan ana buƙatar hoto, kuma a Yamai akwai cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa, wadda ta soma gashi da na'ura a 2021. Wakilin lafiya, idan mace ta yi maka wannan magana a asirce, ka riƙe sirrinta, ka haɗa ta da ungozoma, ka taimaka a shawo kan maigidan game da kuɗin mota, sannan bayan mako guda ka koma gidan ka tambaya ko ta je.