Shirin Tafiya a Kogin Kwara da Binuwai

Masu magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya yi nufin bin kogi, lalle ya fara duba lokaci. Binuwai yakan cika ne wajen Agusta zuwa Oktoba, sa'an nan jirgi ke samun hanya daga Lokoja zuwa Yola. Da rani kuwa yashi ke tare hanya, sai kwalekwale. Amma cikar nan tana da haɗarinta, musamman idan aka saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, kamar yadda ya faru a 2012.

A Kwara, tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya shanye tsohuwar Bussa, ya rufe kututturan itatuwa waɗanda ke fasa jirgi. Saboda haka matafiyi ya nemi shawarar Sarkin Ruwa, ya ɗauki matuƙi ɗan ƙasa wanda ya san hanya. Ya tanadi guzuri, da tafasasshen ruwan sha, da gidan sauro, da rigar ruwa. A tashi da sassafe, a sauka kafin magariba, gama da dare ba a ganin kututture ko dorina.

Babban abin da ke kashe mutane shi ne lodi fiye da kima, kamar jirgin da ya nutse kusa da Warra a 2021. Ana roƙon Hakimai su sa wakili a kowace tasha ranar kasuwa, malamai kuma su rubuta yawan mutanen kowane jirgi kafin ya tashi.